Littafin da ya dawo da man gyaɗa

Na fara aiki a gidan karatu na unguwarmu bayan kaka, a shekarar da na gaji da jiran a kira ni aikin koyarwa. Gida ne mai ɗaki uku a nan cikin Damagaram: babban ɗaki na manya da ƴan lise, wato ɗaliban sakandare, ƙaramin biro na darakta, sai ɗakin yara a can baya, gindin wata bishiyar dogon yaro. Ɗakin yaran aka ba ni. Sharaɗin a fili yake: wata shida na gwaji, in darakta ya gamsu ya sa hannu a riƙe ni, in bai gamsu ba in koma gida in ci gaba da jira. Ni kuwa na riga na gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni cewa na samu aiki, har atamfa biyu na ɗinka saboda shi. Ko a mafarki ban so in koma zaman gida ba.

Daraktan tsohon shugaban lakwal ne da ya yi ritaya, Kirista, dogo siriri, tabarau rataye da zare a wuyansa. Ya yi shekaru yana koyarwa a ƙauyukan Hamdara da Damagaram Takaya, shi ya sa Hausarsa ta fi tawa ƙamshin karkara. Ba ya faɗa, ba ya kuma yabo, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ranar farko ya buɗe mini ɗakin, ya miƙa mini makulli, ya ce, "Madam, ga ɗakinki. Ina so in ga yaran nan suna karatu." Iyakar bayanin da na samu ke nan, sauran ni na cike da kaina.

Dole in faɗi irin gidan da na fito. Mahaifina sakatare ne a meri, ofishin magajin gari, har ya tsufa. A gidanmu ba a naɗe takarda, ba a ɗora kofi a kanta, ba a taɓa ta da hannun tuwo. In ya dawo da wani fayil gida, sai an share tebur an sake sharewa kafin ya ajiye. Da wannan idon na kalli ɗakin yara, na ga abin da ya tayar mini da hankali: littattafai duk sun yi baƙi, kusurwoyi a lanƙwashe, wani babu bango, wani an zana wa zaki gemu da bik. Na ce a raina, lallai wadda ta riƙe ɗakin nan kafina ba ta san aikinta ba.

Sati uku na yi ina gyara. Na liƙe abin liƙewa, na naɗe kowane littafi da farar leda, na buga masa tampo, wato hatimi, na gidan karatu har wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe. An kawo mana sababbi cikin kwali biyu, galibi da Faransanci, kaɗan da Hausa, su ma na yi musu haka. Na ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa, ba mai shiga sai ya wanke hannu ya nuna mini. Sannan na yi abin da nake ganin ya fi kowanne wayo. Na buga wata ƴar takarda, Faransanci a sama, Hausa a ƙasa, cewa duk yaron da ya ari littafi zai dawo da shi yadda ya karɓa, in ya lalace za a kira uba ko uwa su zo biro. Na buga mata tampo ita ma. Kowane yaro ya kai gida, mai sa hannu ya sa, mai dangwala yatsa ya dangwala.

Abin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Laraba da yamma ba lakwal, ranar ce yara ke cika ɗakin, kowa ya ari littafi su tafi, wata Larabar su dawo da shi fes kamar yanzu aka fito da shi daga kwali. Na shiga tafiya ina ɗaga kai. Darakta kuwa yana da wata ɗabi'a: duk Juma'a da safe zai shigo ɗakina, ya zaro littafi daga kanta, ba zai buɗe ba, sai ya juya shi ya dubi gefen shafukan, wani lokaci ya kai shi hanci, ya mayar. Ya zaro wani. Na san datti yake nema, kuma na ji daɗi da ba ya samu. Har nakan yi kamar ina rubutu, ina satar kallonsa, ina jiran ranar da bakin nan nasa zai buɗe ya ce na kyauta.

Cikin wata na huɗu ya aiko a kira ni. Na tarar da littafi biyu a kan teburinsa, ɗaya tsoho daga cikin waɗanda na ɓoye a kantar ƙasa don kunya, ɗaya sabo.

"Zauna, Madam. Wanne aka karanta a cikin biyun nan?"

Na ce duka biyun, na nuna masa katin da ke cikin sabon, ya kusa cika da ranakun aro.

"Kati ya ce ya fita," in ji shi. "Gefensa ya ce ba a buɗe shi ba." Ya buɗe littafin daga tsakiya, sai ya yi ƴar ƙara, shafuka biyu ma a manne suke tun daga maɗaba'a. Ya raba su da farcensa a hankali. "Yaro in ya karanta littafi yakan bar sawu. Wata huɗu ina neman sawu a ɗakinki ban gani ba. Saura wata biyu. In aka kawo mini takardarki yau, ba zan sa hannu ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito ban ko yi masa sallama ba. A gida na gaya wa mijina cewa tsohon nan ƙazanta yake so, wanda ya saba da ajin zana a ƙauye ina zai san darajar littafi. Mijina ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na taɓa tambayar yaran abin da ke cikin littattafan. Na ce masa shi ma ya koma bayan darakta ke nan. Amma tambayar ta zauna mini.

Akwai wata yarinya, ba ta wuce shekara goma ba, wadda ba ta taɓa fashin Laraba. Ita nake nuna wa sauran a matsayin misali, don kullum cikin baƙar leda take dawo da littafinta, ko ƙura babu. Larabar da ta biyo na tsayar da ita, na ce ta ba ni labarin wanda ta dawo da shi. Ta fara tiryan-tiryan, ta faɗi sunan kowa, ta faɗi garin, har launin rigar yaron da ke cikin labarin. Can sai ta tsaya. Na ce ta ci gaba. Ta sunkuyar da kai. Na ɗauko na satin da ya wuce, haka ta yi, farko lafiya lau, sannan shiru. Da na matsa mata ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malama, a hanya nake karantawa. In na isa gida Inna ke ajiyewa."

Ranar Asabar na bi ta gidansu. Gidan yana bakin gari, ta hanyar Gaffati, tafiya mai ɗan nisa, kuma na lura ita a hankali take tafiya, ta saba jan ƙafa a hanyar. Uwarta mutuniyar Gaffati ce, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mun tarar da ita tana matsar tunkuza, hannunta har gwiwa yana ƙyalli. Da ta ji ko ni wace ce, sai fuskarta ta canza. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, duk idonta na kan ƴarta tana neman laifin da ta yi.

Na ce littafin nake so in gani. Ta tashi ta wanke hannu da toka, ta sake wankewa da sabulu, ta kwance makulli daga bakin zanenta, ta shiga ɗaki. Ina hango ta ta buɗe akwatin ƙarfe. Ta fito da littafin naɗe cikin kallabi, kuma da ta ɗaga shi na ga abokan zamansa: takardun haihuwar yara, katin rigakafi, takardar filin gidan.

"Ga shi, Malama, yadda aka ba da shi. Ko ita ban bari ta taɓa ba."

"Inna, ai don ta karanta aka ba ta."

Ta dube ni kamar ina gwada ta. "Mai tampo ne fa. Na duba, har uku. Kayan gwamnati ne. Kuma kin aiko da takarda na dangwala. Mu tun da muka zo garin nan ba a taɓa kiranmu biro kan wani laifi ba, ba kuma a kan ƴata za a fara ba. Gidan nan ko'ina mai ne."

Na waiwaya. Yarinyar tana tsaye jikin bango tana kallon littafin. Sai a lokacin na gane cewa ta san farkon littattafai masu yawa, ba ta san ƙarshen ko ɗaya ba, kuma ni na jawo mata. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don in haka gida ɗaya yake, haka sauran suke. Na leƙa gidaje huɗu a unguwar kafin in koma. A wani gidan littafin yana cikin kwalla a saman jere, a wani yana ƙarƙashin katifar maigida, ya kulle ɗakin ya tafi kasuwa.

Na yi ta yi musu bayani da baki cewa ba komai, a bar yara su karanta. Suna cewa to, to, amma na ga to ɗin na ladabi ne kawai. Maganar baki ba ta soke takarda mai tampo, wannan ko mahaifina zai gaya mini. Saboda haka ranar Litinin na buga wata sabuwa: littafin nan na karatu ne, in ya yi datti ko ya yage wajen karatu ba laifin kowa, ba za a kira kowa ba. Na haɗiye girman kaina na kai wa darakta. Ya sa tabarau ya karanta, ya gyara mini wasali ɗaya a Faransancin, ya sa hannu, ya buga babban tampo na bironsa wanda ya fi nawa faɗi. Ya miƙo mini. Na bi gida-gida da ita a ranakun Asabar, ina karanta wa iyaye da babbar murya ina nuna musu tampon, in karɓi tsohuwar in yaga a gabansu.

A hankali littattafai suka fara dawowa da sawu. Yatsan miya, kusurwa a naɗe, wata tururuwa da aka rufe a shafi na goma ta mutu a can. Ba zan yi ƙarya ba, kowanne sai ya sosa mini rai. Bokitin bakin ƙofa ban ɗauke shi ba, har yau yana nan, mutum ba ya canzawa gaba ɗaya. Darakta ya ci gaba da zagayensa na Juma'a, ya duba gefe, ya kai hanci, ya mayar. Wata rana na ga ya daɗe riƙe da wani, na ce a raina, to dai ga ƙazantar da kake so, sai ka sa hannu.

Satin ƙarshe na gwajina ya faɗo tsakiyar bazara. Larabar nan an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, yara sun cika ɗaki suna fifita da kaye, littattafansu na rubutu. Sai ga yarinyar nan da uwarta a bakin ƙofa. Uwar ta ci ado da atamfar zuwa biki, ta tuɓe takalmi a waje, ta tsaya a bokiti ta wanke hannu kamar yadda ta ga yara na yi. Ta durƙusa gaban teburina, ta ajiye ƙullin ƙuli-ƙuli, sannan ta ajiye littafi.

Tun kafin in taɓa shi na ji ƙamshin soyayyar gyaɗa. Kusurwoyinsa sun sha mai har ana ganin rubutun baya ta cikinsu. Ledar ta tafi. An ɗinke bayansa da baƙin zare, ɗinki ƙanana masu kyau. Na juya ƙarshensa, babu shafi uku.

"Malama, na zo da kaina, kada ki ga laifinta," in ji uwar. "Kullum da la'asar in ina matsa, takan zauna ta karanta, ta juya mana da Hausa, ni da matan da ke taya ni. Kaɗan-kaɗan muke bi, don sai an yi ta gardama. Shekaranjiya ƙaninta, mai rarrafe, ya samu littafin a tabarma. Kafin mu ankara ya fizge na ƙarshen ya jefa murhu. Sauran ne na ɗinke."

Jinina ya hau, na ji maganar gidanmu ta zo mini har bakin harshe. Na haɗiye ta. Na ce ba komai, Inna, takarda ta riga ta ce ba laifin kowa, ku tashi. Ta yi godiya, amma ba ta tashi ba. Ta gyara zama, ta dubi littafin, ta dube ni.

"To Malama, tsohuwar ta ga akuyarta kuwa?"

Na ce wace tsohuwa.

"Ta cikin littafin. Wadda akuyarta ta hau motar kaya ranar kasuwa aka tafi da ita birni. Mun bar ta ta sauka a tasha, ba ta san kowa ba, kuɗin motar komawa ma babu. Maƙwabciyata ta ce an riga an yanka akuyar. Ni na ce a'a. Na ce bari in zo wurin mai littafin in ji."

Yara duk sun juyo. Na ɗaga ido sai na ga darakta a bakin ƙofa, zafi ya koro shi daga bironsa, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Littafin nan ni na naɗe shi da leda, ni na rubuta masa kati, ni na buga masa tampo a shafin ƙarshe. Na tuna na nemi wuri fari a shafin don kada tawada ta hau hoto. Abin da hoton ya nuna kuwa, ko da za a yanka ni ban sani ba. Wata shida ina cikin ɗakin nan ban karanta littafin yara ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, ina ganin na wuce nan. Na buɗe baki zan ce eh, ta gan ta, don wa zai ƙaryata ni, shafukan sun zama toka. Sai na kasa.

"Ban sani ba, Inna. Ban karanta shi ba."

Ta ƙura mini ido. Babu raini a fuskarta ko kaɗan, tausayi na gani. Ta dubi kantocin da ke kewaye da ni, ta girgiza kai, ta ce a hankali, "Allah sarki. Ashe ke ma ba a barinki ki taɓa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na gwammace ta zage ni.

Darakta ya shigo, ya gaishe ta, ya jawo ɗan bencin yara ya zauna, gwiwoyinsa har kusan haɓarsa. Ya ce wa uwar, "Ƴata, bari in gaya miki." Ya ɗauko labarin daidai inda suka tsaya, a tasha, da Hausarsa ta ƙauye. Tsohuwar ta kwana uku tana bin layi-layi tana kiran akuyar da irin kiran da take mata a gida, har ta ji an amsa daga bayan wata katanga. Yaran gidan ne suka tsince ta suna ba ta ɓawon kankana, kuma ta haihu a can, ƴaƴa biyu. Tsohuwar ta bar wa yaran ɗaya, ta koma gida da uwar da ɗaya.

"Wanne ta bar musu, Baba, macen ko namijin?"

"Macen."

"Ta yi wauta," in ji ta. "Ni da namijin zan bari." Yara suka yi dariya, shi ma ya murmusa, karo na farko da na ga haƙoransa. Ta miƙe ta ce za ta je ta gaya wa maƙwabciyarta. Yarinyar ta zaɓi wani littafin, na rubuta mata kati.

Da yara suka watse ya kira ni biro. Littafin mai man gyaɗa yana gabansa, takardata tana gefe. Ya kai shi hanci ya daɗe.

"Wannan ya yi aikinsa," in ji shi. "Ki samo farar takarda, zan faɗa ki rubuta ƙarshen da hannu, a liƙa, a mayar da shi kanta." Ya ɗauki bik ya tsaya. "Na ga bakinki ya buɗe ɗazu, Madam. Da kin ƙaga mata ƙarshe, da yau kin ba ni makullina." Ya sa hannu. "Kantar ƙasa, daga hagu. Littafi ɗaya kowace rana. Juma'a zan tambaye ki, kuma daga ƙarshe nake fara tambaya."

Na ce to, Mushe Darakta, yadda muke kiransa da Faransanci. Godiyar ma ban iya yi da kyau ba.

Na koma ɗakina, wuta ba ta dawo ba. Na durƙusa na zaro littafin farko daga hagu, ɗaya daga cikin tsofaffin nan da na ɓoye, wanda aka zana wa zakinsa gemu. Na zauna a bencin yara, na kwance ƙullin ƙuli-ƙulin da ta kawo, ina ci ina karantawa. A shafi na shida na ga babban yatsana ya bar tabon mai a gefe. Na tsaya na dube shi, sannan na juya shafin, don ina so in san abin da ya sami zakin.